Gonata ta Kan Fako

Gidan Jika, ƙasar Keita
Bayan kaka

Zuwa ga ƙawata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki da surukarki da jikoki. Yaya ciwon bayan? Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya. An yi girbi, hatsi ya yi daidai gwargwado, wake ne dai ƙwari suka raba mu da shi.

Na san za ki yi dariya ki ce har yanzu Jima tana fama da takarda alhali duniya ta koma talho. Yi dariyarki. Ni in zan yi miki magana ta talho sai na hau tudun masallaci neman rezo, don can kaɗai layi ke kamawa, in ɗaga murya, kafin in sauko matan rijiya sun gama raba labarin. Karatun manya da muka yi ni da ke a rumfar mai gari bai tashi a banza ba, ko da yake ke gyangyaɗi kika fi ƙwarewa a kai.

Ga abin da ke tafe da ni. Ɗana Ɗahiru ya zo da Sallah, ya kafe a kan in tattara in koma wurinsa can Yamai. Ya ce tun rasuwar babansu nake zaune ni kaɗai kamar mai gadin gida. Ya ce ya ware mini ɗaki mai kuran, wato wutar lantarki, ga pampo a tsakar gida, ga likita kusa saboda gwiwoyin nan nawa. Ban musa masa ba, don gwiwoyin sun fi shi iya magana. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, ƙaramar ɗiyarsa da ya zo da ita ɓuya ta yi bayan uwarta da ta gan ni. Jikata ta cikina, Ramatu, tana kallona kamar mai tallan magani.

To amma gonar fa? Ke ba sai na faɗa miki ba, kin san yadda wurin nan yake kafin zuwan furoje, aikin nan na raya ƙasa. Fako ne fayau, ko akuya ba ta tsayawa. Maza duk sun tafi cin rani Abijan, mu aka bari da gammo da duwatsu. Kamiyo, babbar motar nan, ya zube duwatsu, mu kwasa, mu jera, rana tana dukan ƙeya, ke kina ba da waƙa muna amsawa, kina saka sunan duk wadda ta laɓe a inuwa. Ina tuna kifin gwangwani da ake ba mu, wanda kika rantse ba za ki ci ba don ba ki ga kansa ba, daga baya kika koma cinye har nawa. Ina kuma tuna ruwan farko da ya tsaya bayan duwatsunmu bai wuce ba. Mun tsaya cikin laka har idon sawu muna guɗa kamar an kawo amarya.

Yanzu ki zo ki ga wurin. Da damina hatsi ya fi ni tsawo, ga magarya, ga inuwa. In na zauna a can da hantsi ina jin muryoyinku duka, har na waɗanda suka riga mu.

Ke kin riga ni tafiya, shi ya sa nake tambayarki. Ki faɗa mini gaskiya, ba irin wadda ake faɗa a gaban suruka ba. Yaya zaman yake?

Ki gaida mutanen gida duka. Matan unguwa suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Jima

Gidan Jika
Cikin rani

Ƙawata Ramatu,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso ta hannun direban Tawa, na karanta na sake karantawa. Allah ya ƙara sauƙin bayan.

Na gode da ba ki rufe ni ba. Kin ce tun da kika je ba ki sake ɗaukar tulu ba, jikoki suna kwana a jikinki, in ciwo ya tashi kafin a jima kina gaban likita. Kin kuma ce kina yini bayan ƙofar ƙarfe, ba mai leƙo ki ya tambayi kwananki, maƙwabciyarki ma ba ki san sunanta ba. Na auna duka biyun, na rasa wanda ya fi nauyi.

Sai ga shi gwiwa ta yanke mini hukunci. Na je gona gyaran jerin dutsen da ya zube, na durƙusa, tashi ya gagara. Haka na zauna ina kiran mutane har Allah ya kawo Sha'aibu, ya ɗora ni a amalanken jaki kamar buhun albasa, aka ratsa gari da ni kowa yana sannu. Kunya ta fi ciwon. A ranar na ce a raina, to Jima, Yamai ta ci ki.

Kin gane Sha'aibu? Ɗan Rukaiya, ta gidan makiyayan nan na bayan dutse, wadda muka yi ɗaukar dutse tare. Shanunsu sun ƙare tun da daɗewa, yanzu noma yake yi, amma ba shi da ko taki ɗaya nasa, kullum gonar aro. Mutum ne mai hannu, ba ya son surutu. Na ce shi zan ba aron gonar, in na zo ganin gida in tarar da ita da rai.

Da na ɗan ji dama muka zaga ta tare. A can sama, wajen da ruwa ke gangarowa daga dutse, ya nuna mini abin da na daɗe ina kawar da kai daga gare shi. Ruwa ya tsaga kwazazzabo, bara zurfinsa bai kai gwiwa ba, bana ya kai ƙugu. Ya ce dutse kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai an dasa ɗakwara a jere, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a yi ta kai mata ruwa rani bayan rani har ta kama ƙasa. In ba haka ba, damina kaɗan za ta raba gonar biyu ta kwashe. Yana faɗar haka ya duƙar da kai, muka juyo gida ba tare da mun taɓo maganar wanda zai dasa ba.

Kin san dalili. A garinmu mai aron gona ba ya dasa icce. Ya shuka hatsi, ya girbe, ya kawo dami ɗaya a shekara don kowa ya shaida ba tasa ba ce. Amma ranar da ya sa icce a ƙasa da hannunsa, mai gona yana gani bai hana ba, to gona ta zama tasa.

Ga inda nake, ƙawata. In na zauna, ba ni da ƙafar kai wa icce ruwa. In na tafi na bar ta da sunana, ruwa zai cinye ta. In na ce ya dasa, na rabu da ita. Abinci ma ba ya yi mini daɗi kwanakin nan.

Ki sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙawarki,
Jima

Gidan Jika
Bazara

Ramatu,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Da fatan zafin nan bai taɓa lafiyarki ba. Mu nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana gyaran gona.

Na ga shawararki, wai in bar wa Allah. Ai na bar masa, amma kwazazzabon bai daina girma ba.

Na hau tudu na kira Ɗahiru. Na zata zai ce kada a taɓa gonar uwarsa. Sai ya ce in yi yadda na ga dama, shi ba zai dawo noma ba, 'ya'yansa ma haka, abin da yake so kawai in zo. Da ladabi ya faɗa, amma sai da na nemi wuri na zauna. Da cikinsa na ɗauki rabin duwatsun nan.

Sai ga Idris, ƙanen marigayi maigidana, ya zo da tasa dabara, kin san shi da iya lissafi. Ya ce abin ai mai sauƙi ne. A kai ni gona a amalanke, in sa kowane icce a rami da hannuna a gaban shaidu, Sha'aibu ya yi ta ban ruwa da shinge. Icce nawa, gona tawa, wahala tasa. Ba zan ɓoye miki ba, dabarar ta yi mini daɗi ƙwarai. Har na ce a faɗa wa Sha'aibu, shi kuma ya aiko cewa ya yarda. Me zai ce? Yana da bakunan da zai ciyar a gida.

Amma tun da ya yarda ɗin na rasa sukuni. Rukaiya ce take ta zo mini a rai. Kin tuna lokacin da cikina ya tsufa, ita take ɗora mini kaya, ta zaɓa mini ƙananan duwatsu ta ɗauki manyan, tana yi mini faɗa da Hausarta gauraye da yarensu na Tamajak? Kin tuna da aka gama aiki dattawan gari suka zauna rabon wurin, sai ga maza sun dawo daga cin rani da riguna masu guga, kowa yana nuna inda kakansa ya taɓa ɗaure jaki? Ni da bakina na samu tawa, na zauna ƙofar mai gari na ƙi tashi, ke kina bayana kina zuga ni. Ita Rukaiya aka ce makiyaya ne, me za su yi da gona. Ta naɗe gammonta ta tafi, har ta koma ga Allah ba ta sake hawa fakon nan ba.

Yanzu a ce ɗanta ya yi shekaru yana jan bidon ruwa a kan jaki, yana shayar da iccen da ba zai taɓa cewa nasa ba, ni ina Yamai ƙarƙashin fanka ina jiran dami? Na san ɗacin ɗaukar dutse a wurin da ake shirin ba wani.

Kada ki ɗauka na zama waliyyiya. Ina son gonar nan, Ramatu, ina kishinta. Ita kaɗai ce abin da na samu a duniya ba gado ba, ba kyautar miji ba. In na tuna wani zai tsaya a ciki ya ce tasa, sai in ji zuciyata tana tafasa. Jiya har na yi wa akuyata masifa ba ta yi komai ba.

Ban yanke ba tukuna. In ruwa ya sauka dole in yanke, don dashe ba ya jira.

A gaida surukarki, ki ce na gode da man shafawar.

Taki,
Jima

Gidan Jika
Tsakiyar damina

Ƙawata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Ruwa ya sauka sosai, shuka ta yi kyau, Allah ya kai mu kaka lafiya.

An gama. Ranar Juma'a bayan an sauko na sa aka kira mai gari da liman da Idris, aka kai ni gona. An kawo 'ya'yan ɗakwara cikin baƙaƙen ledoji, an jera su bakin kwazazzabo. Idris ya ɗauko na farko ya miƙo mini, yana jiran in durƙusa. Na karɓa, na juya na miƙa wa Sha'aibu, na ce ya dasa, kowa ya shaida.

Bai karɓa nan da nan ba. Ya kalli mai gari, ya kalli liman, ya ce ko ban gane abin da nake yi ba. Na ce tun ba a haife shi ba na san wannan al'ada, ya karɓa kafin hannuna ya gaji. Sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido, ya durƙusa. Idris ya yi ta gunaguni har gida, ya ce na zubar da abin 'ya'yan wansa, har yau gaisuwarmu ba ta wuce sama-sama ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Ramin da ya haƙa bai yi zurfin da nake so ba. Na buɗe baki zan ce ba haka ake yi ba, sai na tuna, na mayar da bakina na rufe. Ke da kika san ni, kin san wannan ya fi ba da gonar wuya.

Washegari da safe, ban ma yi shawara da kaina ba, sai na ga na ɗauki sanda na kama hanya kamar kullum. A hankali na hau, ina hutawa. Da na kai jerin dutsen iyaka, wanda ni da ke muka jera, na hango Sha'aibu da matarsa suna noma a ciki. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na daɗe a tsaye, sannan na yi sallama.

Matar ta yar da hauya ta taho da gudu tana marhabin. Ta kama hannuna ta tsallakar da ni, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin magarya, ta kawo mini ruwa a ƙwarya, ta durƙusa har na sha. Yarinyar kirki ce, ba ta bar komai ba cikin abin da ake yi wa baƙo. A gonata aka shimfiɗa mini tabarma, Ramatu. Na sha ruwan, na yi musu barka da aiki, na sa musu albarka, na taso. Sai da na sauko gangare, inda ba mai ganina, na zauna a kan dutse na yi kukana ya ishe ni.

Na ba da akuya, na rufe rumbu. Ɗahiru ya ce in shiga motar Tawa ranar kasuwa mai zuwa, daga can in kama babbar mota. Ki ce wa ɗanki ya kawo ki gidan a ranar da na sauka, kada ki ce sai na huta. Ki zo ki zauna kusa da ni, amma kada ki tambaye ni komai. In kin ga na yi shiru da yawa, ki ba da waƙa ko wacce ce, zan amsa.

Ki gaida kowa da kowa. Sai mun haɗu, in Allah ya yarda.

Ƙawarki ta tun ƙuruciya,
Jima