Sun ce allura ce ta kashe mijina, yanzu facalata tana roƙona in kai ta asibiti

Assalamu alaikum Admin da dukkan 'yan uwa na wannan gida. Don girman Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba, ko sunan ƙauyenmu ba na so ya fito, domin in maganar ta koma kunnen wanda nake tsoro, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Karatuna bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri da ni. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mace ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta, kuma yanzu haka ina cikin takabar mijina, Baban Ummi. Gidanmu babban gida ne, danga ce kawai ta raba sashenmu da na yayansa. Zan riƙa ce masa Yaya, don haka muke kiransa. Shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, a gidan nan maganarsa ce ta ƙarshe. Matarsa kuma, wato facalata, zan kira ta Lami, ba sunanta ba ne. Tun da aka kawo ni gidan turmi ɗaya muke daka da ita, ba mu taɓa sa-in-sa ba.

Bara bayan girbi wani ƙullutu ya fito wa Baban Ummi a wuya. Aka kai shi wurin mai maganin gargajiya, yana dubawa ya ce daji ne. A wajenmu an yi imani cewa ciwon daji ba a taɓa shi da ƙarfe, ko allura ko wuƙar likita, wai da zarar an taɓa shi sai ya fusata ya bi jiki ya kashe mutum. Yaya ya fi kowa riƙo da wannan, domin mahaifiyarsu ta rasu ne bayan an yi mata aikin nono shekarun baya, kuma shi ya ɗauko gawarta daga Kano. Don haka aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, abu yana ta girma, har ya zama tuwo ba ya wucewa sai kunu. Ni na yi ta roƙon mijina ina kuka, ba zan ɓoye wannan ba, amma shi da bakinsa ya ce in kira ƙanena Ado, wanda yake jan bas tsakanin Ɗambatta da Kano, ya zo ya kai mu asibiti. Daga ranar Yaya ya daina amsa gaisuwata.

A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka fara yi masa ƙarin ruwan nan da suke kira kemo. Ya wahala, ya yi amai, farcensa ya yi baƙi, gashinsa ya zube har gira. Amma wallahi 'yan uwa da idona na ga ƙullutun yana sacewa. Ya koma cin tuwo. Yakan shafa kansa ya ce wanzamin garinmu ya yi asarar kwastoma, in Lami ta leƙo ta danga tana tsokanarsa da ango sabon aski, sai ya ce ta bari ya warke ya yi mini kishiya mai son sanƙo. Da ruwa ya sauka har gona ya je, ya zauna a gindin ɗorawa yana kallon ana noman farko. Akwai wata nas da duk zuwanmu sai ta jaddada mini magana ɗaya, cewa maganin yana karya sojojin jiki na ɗan lokaci, don haka in jikinsa ya yi zafi ko ya fara rawar sanyi, kada a ce maleriya ce, kada a tsaya kemis, a kawo shi a take. Na riƙe maganar kamar karatun sallah. Kullum da safe sai na taɓa goshinsa, har ya gaji ya ce na mayar da shi jariri.

Wata safiya na taɓa na ji kamar garwashi, haƙoransa suna haɗuwa. Na kira Ado, yana Kano da fasinja, ya ce in sa a fito da shi titi a kan babur, ya tare mu a hanya. Na je na durƙusa wa Yaya na faɗa masa abin da nas ta ce. Ya zare makullin babur ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ce zazzaɓin damina ne kowa yana yi, in ma ba shi ba ne, to abin da ya daɗe yana faɗa ne ya zo, an taɓa daji da ƙarfe ya tashi, kuma ba za a mayar da ƙaninsa su ƙarasa shi ba. Ya aika aka kira mai kemis, ya ɗauki gora ya zauna a bakin zaure. Na yi magiya, na haɗa shi da Allah da Annabi. Da na ga rana tana yi, sai na ciccibi mijina, don a lokacin ba shi da wani nauyi, na nufi ƙofa da niyyar in ɗora shi a amalanken maƙwabta. Yaya ya fizge shi daga hannuna, ya hankaɗa ni na faɗa kan turmi, haƙorina na gaba ya karye. Ina tofar da jini ina jin Baban Ummi yana cewa mu bari, mu bari don Allah. Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi a cikin hayyacinsa.

Sai wajen la'asar Ado ya samu ya iso da bas har ƙofar gida, lokacin mijina ya fara sambatu yana kiran mahaifiyarsa. Da Yaya ya ga haka jikinsa ya yi sanyi, bai ce a tafi ba, bai kuma hana ba. Mun kusa Bacirawa a bakin Kano, muna cikin cunkoson motoci, kansa yana kan cinyata ina yi masa fifita da mayafina, na ji ya yi nauyi. Mutumin da jiya-jiya ya ci dambu ya nemi ƙari. Ko ƙofar asibitin ba mu gani ba, Ado ya juya da mu.

Washegari da aka dawo daga maƙabarta, Yaya ya shigo har cikin mata da igiyar ɗaure shanu a hannunsa. Bai yi sallama ba. Ya ce ni na kai ƙaninsa aka ɗura masa guba, ya hau ni da duka a gaban mahaifiyata da 'ya'yana. Mata suka watse suna salati. Lami ce kaɗai ta faɗo kaina ta rufe ni da jikinta, bai fasa ba, ya yi ta zuba mata a baya da ƙirji har maza suka shigo suka riƙe shi. Labari ya kai wa Ado a waje, ya zaro adda daga ƙarƙashin kujerar mota, ya sari Yaya a hannu, jini har kan tabarmar masu gaisuwa. Da ƙyar mai unguwa da liman suka kashe maganar ba a kai ga 'yan sanda ba, aka hana Ado sake taka gidan. A gabansu Yaya ya rantse, hannunsa naɗe da tsumma, cewa duk wanda ya ƙara fitar da wani nasa zuwa asibiti a kan ciwon daji, sai dai a yi jana'iza biyu. Iyayena sun so tafiya da ni, liman ya ce takaba a ɗakin miji ake yin ta, shi ya sa nake nan.

Bayan kwana biyu na dafa ruwa na shiga gasa wa Lami jikinta, tun da saboda ni ta sha dukan. Ina danna tsumma a ƙirjinta na ji wani abu mai tauri a nononta na hagu, kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi. Na ɗauka kumburin bulala ne. Ta riƙe hannuna a wurin, ta ce tun kafin damina yake nan, ta ɓoye ne saboda abin da take gani ana yi a gidan. Mijinta ya sani yanzu, ya karɓo mata garin shafawa a wurin mai maganin nan dai. Ina dubawa duk bayan 'yan kwanaki, ba raguwa yake ba. Fatar wurin ta zama kamar ɓawon lemo, kan nonon ya fara shigewa ciki. 'Ya'yanta biyar, autarta ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

Shekaranjiya ta kawo mini koko da safe kamar yadda ta saba tun da na fara takaba, ta zauna a bakin gado ta ce, “Maman Ummi, ke kika ga abin nan da idonki, ni labari nake ji. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, allurar ce ta kashe shi ko mu ne?” Na ajiye kwanon kokon a gefe. Sai ta ce ranar kasuwar Ɗambatta mijinta zai kai raguna, tun safe sai magariba, in kira Ado ya tsaya mana a bayan gari, ni na san hanya, na san ƙofar da ake shiga, ita ko Kano ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

Ga inda nake ta juyawa. In na kai ta, na fita cikin takaba, na kuma fitar da matar aure ba da izinin mijinta ba. Na taɓa ji a wa'azin rediyo cewa lalura tana sa mai takaba ta fita da rana, amma ban sani ba ko lalurar wani ta shiga ciki, kuma ba ni da malamin da zan tambaya maganar ba ta koma gida ba. Sannan ba zuwa ɗaya ba ne. In daji ne za a yi ta komawa, gashinta zai zube, ba ɗankwalin da zai ɓoye wa miji wannan. Ranar da ya gane, na san abin da hannunsa yake iyawa, harshena yana taɓa gurbin haƙorina kullum. Ado kuma in aka ƙara taɓa ni ba zai tsaya a saran hannu ba, ƙarshenta ɗaya a kabari ɗaya a gidan yari. Kuma zan faɗi gaskiya, ni kaina wani lokaci zuciyata tana rawa. Na san abin da nas ta ce, na san jinkirin da aka yi mana, amma da ba a yi masa kemon ba ai zazzaɓin nan ba zai ɗauke shi a wuni ɗaya ba. In na kai Lami ita ma ta tafi haka, da wane ido zan kalli 'ya'yanta?

In kuma na yi shiru, na ga yadda abin nan yake cin mutum. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsorata ni. Kwanaki ina daka, Yaya yana alwala ya ba ni baya, sai na ga na ɗaga taɓarya sama na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, kukan ɗan autana ne ya dawo da ni. Na shiga ɗaki ina istigfari. Ni da ko kaza ba na iya kallo ana yankawa. Tun ranar nake tuhumar kaina, in na ce wa Lami a'a, tsoron Allah ne da tsoron fitina, ko kuwa wani ɓangare na zuciyata ne yake so Yaya ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana? Shi ma fa ba dutse ba ne. Ranar da aka yanke geron da Baban Ummi ya gani yana tsiro, na hango shi a bayan rumbu ya dafa dami yana kuka kamar yaro. Yana son matarsa, kuma da wannan son ne zai hana ta fita har ta mutu.

Na yi tunanin kai maganar wurin liman ko iyayen Lami, amma su ma duk sun yarda da maganar ƙarfen nan, rasuwar mijina ma ta ƙara musu hujja. In na faɗa kuma ba su goyi bayanmu ba, Yaya zai ji, zai kulle ƙofa, wannan damar ma ta tafi.

'Yan uwa, masu ilimin addini da ma'aikatan asibiti da ke cikin gidan nan, da duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo, ku dubi Allah ku amsa mini. In kai ta a ɓoye in rungumi abin da zai biyo baya? In tunkari mutumin da ya karya mini haƙori in sake durƙusa masa? Ko akwai wanda ake kai wa irin wannan ƙara ya sa baki ba tare da an zubar da jini ba? Kasuwar jibi ce. Gobe da safe Lami za ta ɗaga labule da kwanon koko a hannunta, matar da ta kwanta a kaina ta karɓi dukan da aka nufe ni da shi, za ta zauna a bakin gado ta kalle ni. Me zan ce mata?