Lissafin Cikin Rahina

Malam Muttaka,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mutanen Zugu, ya jikin ƙanwata Rahina? Ni lafiya lau nake a Alƙahira. Karatun ungozoma na tafiya, sanyi kuwa na saba, ko da yake bargona ɗaya ne.

Inna ta faɗa mini a waya wai ka ce ba za ka kai Rahina gida Gummi goyon ciki ba sai bayan Ƙaramar Sallah, don a lissafinka sai Babbar Sallah za ta haihu. Wa ya koya maka wannan lissafi? Daga watan Maulidi ka fara ƙirge, ranar da labari ya iso kunnenka. Ka manta cikin fari ne, kunya ta sa ta ɓoye shi wata uku?

Na tambaye ta da kaina. Jininta na ƙarshe mako guda ne bayan Layya. Ƙirga mako arba'in daga nan, ka ga ko ba Ƙaramar Sallah ka faɗa ba. Yau azumi biyar, ƙafafunta sun kumbura, kai kana can kana jiran wata!

Ka san halin hanyarku. In naƙuda ta tashi an rufe hanyar, a bayan babur za ka kai ta asibiti?

Ka kai ta wurin Inna kafin Juma'a. Allah ya sauke ta lafiya. Kai kuma gaisuwata tana nan ajiye, sai na ji muryar Rahina daga Gummi.

Yayarta,
Zubaida