Baffa Ya Ce In Goge Baba Daga Cikin Gem

Assalamu alaikum Anti Jamilatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na cika ki da surutu. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko a aji malami ya kira sunana sai muryata ta shaƙe, shi ya sa na zaɓi rubutu. Ina aji biyu na babbar sakandare, a Sabo muke a nan Ibadan. Ina roƙo kada ki sa sunana.

Mahaifina ya rasu watan jiya. Goro yake lodi daga Ojoo zuwa Arewa, kuma duk wanda ya san shi a waje ya san mutum ne mai kamewa: babbar riga, carbi, gaisuwa a taƙaice. Bara likita ya ce jininsa ya hau, dole ya riƙa motsa jiki. Baba ya ce shi ba zai sa gajeren wando ya bi titin Mokola da gudu yaran shagonsa suna kallo ba. Sai ran nan ya shigo da kwali, ashe gem ya sayo, tokunbo, wato na hannu, irin wanda ake haɗawa da talabijin. Ba a zaune ake yin sa ba. Rimot ɗin kamar guntun rake yake, ana ɗaura igiyarsa a wuyan hannu, in mutum ya kaɗa hannu sai ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya kaɗa nasa. Har da wani farin faranti da ake hawa, da sitiyarin roba na tseren mota.

Anti, in an idar da la'asar, Baba da kansa yake sa wa ƙofar falo sakata, ya tuɓe ya rage daga shi sai singileti, ya yi ta dambe da iska. Umma ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ya kafa mana doka cewa abin da aka yi a falo ya tsaya a falo. Ko Yarbawan da ke haya a ƙasanmu da suka tambayi abin da ke dukan silin ɗinsu, Umma ce musu ta yi daka muke yi.

A gem ɗin kowa yana ƙera ɗan mutuminsa. Baba ya ƙwace rimot ya ƙera nasa da hannunsa. Ya sa masa tabarau da gemu, ya zaɓi hancin da ya fi kowanne girma, ya ce kada a yi wa na'ura ƙarya, hancin gidansu ke nan. To, shi wannan ɗan mutumin bai san Baba ya rasu ba. In an kunna tanis yana cikin 'yan kallo yana tsalle. In an kunna wasan gudu sai ya zo ya wuce mutum, ya waiwayo ya ɗaga hannu.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, ƙanwata Mardiya, wadda shekararta biyar, ta dame ni da kuka sai na kunna mata. Na manta shaf yana ciki. Tana ganinsa ta ƙwala ihu tana kiran Baba. Tun ranar, da ta dawo daga islamiyya sai ta sa rimot a aljihu ta yi ta gudu a wuri ɗaya har ta jiƙe da gumi, wai sai ta kamo shi. Shekaranjiya ta tambaye ni ko in ta kamo shi zai fito. 

Ranar Juma'a Baffa, yayan Baba, ya zo duba Umma da ke takaba. Malami ne, manya yake karantarwa a zaurensa, kuma shi ke riƙe da mu yanzu. Ya tarar da Mardiya tana wannan gudun. Ya daɗe tsaye yana kallon talabijin, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗauka mu ne muka zana ƙaninsa da ƙaton hanci muna wasa da shi. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi mamaci addu'a yake buƙata, ba a mai da shi 'yar tsana ba, kuma in goge shi kafin sadakar arba'in, in ba haka ba zai sa a kai na'urar Mokola a sayar. Sadakar kuwa Asabar ta sama ce.

Na buɗe baki zan ce Baba ne ya yi abinsa, sai na tuna sakatar nan. In na faɗa, na tona abin da ya rufe ƙofa a kansa. In na yi shiru, Baffa zai ci gaba da kallonmu a matsayin yaran da suka yi wa ubansu ba'a. Umma kuwa ba ta musu da Baffa. Amma ran Talata an tashe mu daga makaranta da wuri, na same ta zaune gaban talabijin da rimot a cinya. Ba wasa take yi ba, kallon ɗan mutumin Baba kawai take yana yawo.

Ƙawata Sakinat ta ce akwai dabara. Ana iya kwafe ɗan mutumin a cikin rimot, a goge na cikin na'urar, Baffa ya duba bai ga komai ba. Na gwada da nawa, ya yiwu. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan ba ƙarya ba ce? In kuma na goge shi gaba ɗaya, ji nake kamar ni ce zan sake fitar da shi daga gidan. Na kasa karatu, ga jarrabawa ta matso. Hotunan Baba duk na ɗaurin aure ne da na fasfo, ba ya murmushi a ko ɗaya. Nan kaɗai yake dariya. Anti, yaya zan yi?

Taki,
Marainiya daga Sabo

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Fara da ajiye dabarar Sakinat. Kwafewar ba laifi ba ce, ɓoyewar ce laifi. Kuma yarinya 'yar shekara biyar ba ta riƙe sirri. Ranar da Mardiya ta ce wa Baffa ai Baba yana cikin rimot, kin rasa na'urar, kin rasa amincewarsa.

Kada ki ɗauki Baffa a matsayin abokin gaba. Ku uba kuka rasa, shi ƙani ya binne, sai ya shigo ba shiri ya ga fuskarsa tana ɗaga masa hannu. Kuma yana da gaskiya a wani wuri, ko da bai faɗe shi haka ba. Gudun nan na Mardiya ya fi komai tayar mini da hankali. A dakatar da wannan wasan tukuna. Umma ta ɗora ta a cinya ta gaya mata a fili cewa Baba ya koma ga Allah, ba zai fito ba, wannan zane ne da ya bar musu.

Sai batun sakata. Baba yaran shago da 'yan kasuwa ya rufe wa ƙofa, ba don yana aikata abin kunya ba. Mutum ya bi umarnin likita, ya sa iyalinsa dariya, ina aibu a nan? Baffa kuwa ba mutumin titi ba ne. Barin sa ya yi zaton ƙaninsa ya bar 'ya'ya marasa tarbiyya ya fi taɓa mutuncin Baba fiye da labarin singileti.

Na lura ba ki ce kin yi magana da Umma ba. Kina ɗauke da kayan da ba naki ba ne ke kaɗai. Yau ɗin nan ki zauna kusa da ita, ki gaya mata kin gan ta ran Talata. Ta fi kowa haƙƙi a kan wannan abu. Ita za ta aika a kira Baffa, ko ta bi ta wajen matarsa in nauyi ya hana ta. A yi kafin hidimar sadaka ta kankama. A gaya masa gaskiya, sannan a roƙe shi abu ɗaya: a cire ɗan mutumin daga na'urar, a adana shi a rimot cikin akwatin Umma, da saninsa. Hukuncin zane a addini kuwa ni ba malama ba ce, shi ya fi ni sani, ku tambaye shi cikin ladabi.

In duk da haka ya ce a goge, ku bi, bayan ya ji gaskiya. Zai yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ke kika fitar da Baba daga gidan ba, 'yata, kwanansa ne ya ƙare, kuma la'asar ɗin nan da kuka yi tare ba a cikin na'ura take ba.

In muryarki ta shaƙe a gaban Baffa, jimla ɗaya ta ishe ki: Baba ne ya zaɓi hancin da hannunsa, ya ce na gidansu ne. Daga nan ki yi shiru ki ba shi lokaci. Irin hancin ne a fuskarsa, kuma ya riga ku sanin dariyar ƙaninsa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Anti Jamilatu