Injin Baba Ya Tafi Aro

Fadan Kaje, 9 ga Yuni

Yaya Hellen,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya garin Jere, yaya yaran ajinki? Kin san bakina ba ya buɗuwa a waya, shi ya sa na ba direba wannan.

Injin shaƙar da kika aiko wa Baba ya iso. Na raka shi asibiti a Kafanchan, nas ta zaunar da ni ta koya mini. Ta ce tsohon tarin fuka ne ya bar masa tabo, shi ya sa kaki ke daskarewa a ƙirjinsa. Ruwan gishirin da ke cikin ƙananan robobin nan, in injin ya mai da shi tururi, shi ke narkar da kakin. Amma sai ya fara shaƙar shuɗiyar inhela mai buɗe hanyar numfashi, don gishirin yana iya matse masa numfashi. Abu biyu ta sa na maimaita: ban da ruwan gishirin gida, kuma kofin injin da abin rufe hancin nasa ne shi kaɗai. In wanke, in shanya, in ɓoye.

Minti goma sha biyar yake yi, ni kuma ina karanta masa littafina. Ya ce saurayin ciki malalaci ne, shafi tamanin bai taɓa fartanya ba. Ya yi dariya har kakin ya fito. Jiya da ƙafarsa ya je duba citta!

Ƙanwarki,
Afiniki

Fadan Kaje, 14 ga Yuli

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Mu kam ba lafiya ba.

Wata ranar Lahadi a watan jiya Mama ta tashi a coci ta ba da shaida a kan injin. Kafin Laraba Gwaggo Lai'atu ta zo aro, wai mijinta na tari. Na tsaya a bakin ƙofa, maganar nas tana nan a kan harshena. Gwaggo ta dube ni ta ce ko 'yar litattafai ta zama likita ne. Mama ta ce gidan da ya ari manyan tukwanen Zumuntar Mata ta coci ranar bikinki ba zai hana kowa komai ba. Ni da hannuna na sa shi a leda.

Gida huɗu ya zaga. Kwana tara Baba bai shaƙa ba, muna jin ƙirjinsa kamar tafasar pate. Da aka dawo da shi akwai fari-fari a gindin kofin. Ashe gishirin miya suke jiƙawa a ruwan rijiya. Na ce a bari in samo sabon kofi, a hankali na faɗa, ba wanda ya ji. Mama ta ɗauraye kawai ta ɗaura masa.

Yanzu yana kwance a Kafanchan da zazzaɓi, kakinsa kore. Nas ɗin ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko na manta. Ban manta ba, Yaya.

Ke ma da Mama ta kira ki, ina jin ki, cewa kika yi a ba su mana, kada a ce muna da rowa.

Afiniki

Fadan Kaje, 4 ga Agusta

Yaya Hellen,

Ina fata kin isa lafiya. Kwana biyu kika yi bayan jana'izar Baba, ba mu zauna ba, don haka ga sauran.

Likita ya ce ba zai rantse kofin ne ya kawo ciwon ba, huhun Baba dama ya gaji. Kowa ya riƙe wannan maganar ya samu sauƙi. Fasto ya ce lokaci ne. Ni na san launin da na gani a gindin kofin.

Shekaranjiya matan Zumunta suka zo gaisuwa, tsakar gida ta cika. Bayan addu'a Gwaggo Lai'atu ta ce tunda mai shi ya huta, a ajiye injin a gidanta, duk mai tari ya je can. Mama ta ce in ɗauko.

A litattafaina, idan yarinya ta yi magana a ƙarshe, kowa yakan yi shiru ya ji kunya. Na ce a'a. Na faɗi duk abin da nas ta koya mini, tun daga inhela har shanya kofi. Ba wadda ta ji kunya. Wata ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, Gwaggo ta ce rashin tarbiyya ne. Tun ranar Mama ba ta kira sunana ba.

Injin yana cikin kwalin da direba zai ba ki. Kada ki dawo da shi. Na sa littafin a ciki, saura shafi goma sha ɗaya. Baba ya so ya ji ko malalacin zai yi noma. Ki karanta, amma kada ki gaya mini.

A'a ɗin nan ba ta da wuya, Yaya. Ko numfashi ɗaya ba ta ci ba.

Taki,
Afiniki