Ya Miƙa Rezar da Hannunsa, Suka Hukunta Shi

Anti Noreen, don Allah ki taimake ni, raina ya ɓaci har na rasa abin yi.

Ƙanena Declan yana gidan yari. Ba zan wanke shi ba, ya yi laifinsa. Amma tun yana yaro in ransa ya ɓaci jikinsa yake yi wa rauni. Likitoci suka ce larurar ɗabi'a ce, aka sa shi a sashen da ake yi wa masu irinta magani. Likitarsa ta yi ta nanata masa cewa duk ranar da abin ya taso masa, ya faɗa, kada ya ɓoye.

To, ya faɗa. Ashe akwai reza da ya daɗe da ɓoyewa a katifa. Ranar da abin ya ciyo shi, ya kira gandiroba ya miƙa masa ita da hannunsa, bai taɓa jikinsa ba. Kin san ladan da ya samu? An rubuta shi da laifin ajiye haramtaccen abu, aka soke masa ziyarar Kirsimeti. 'Yarsa Tilly har ta zaɓi rigar da za ta sa. Wannan wane irin magani ne, wani ya ce faɗi, wani ya ce in ka faɗa ka sha hukunci? Jiya a waya ya ce ya koyi darasi, nan gaba bakinsa alekum. Maganar nan ta hana ni sukuni. Ni dai so nake in ce masa ya bar maganin banzan nan.

Yayar da aka ƙure, daga garin Ballarat

'Yar'uwa, ni ma na ji haushi, kuma fushinki yana kan hanya. Gandiroban yana da nasa uzurin: reza a gidan yari tana iya yankar kowa, dole ya kai rahoto. Amma wanda ya zauna a ofis ya soke ziyarar bai yi tunani ba, don ya koya wa marar lafiya ɓoyo.

Kada ki ce ya bar magani. Maganin ne ya sa rezar ta koma hannun gandiroba. Yau ɗin nan ki kira sashen ki gaya wa likitarsa abin da ya faɗa a waya, kalma da kalma, don rayuwarsa ce a ciki. Ki roƙe ta ta sa baki a sake duba hukuncin. In sun ƙi, ki kai ƙara ofishin da ke sauraren koken fursunoni.

Sannan in ya sake kira, ki ajiye zagin hukuma. Har yanzu babu wanda ya ce masa ya kyauta. Ke ki fara faɗa masa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa Tilly ta sa rigarta ta je ta ga babanta.