Da Haƙori Na Kwance Zaren

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa daga Nguru. Ina gajiya, yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Ran Juma'a na shiga dambe a Gashuwa. Ka tuna faɗan da kake mini, wai naushi ɗaya nake kaiwa in tsaya kallo? Tun damina nake gwadawa a jikin buhun ƙaiƙayi: in ture da hagu, in kai dama, in bi da ƙafa. Haka na kayar da wani ɗan Dagona.

Ana ta kiɗa na miƙa hannu baya ka kwance mini zare, sai na tuna ba ka nan. Da haƙori na kwance.

Ka gaida maiɗakinka, ka sa ni a addu'a. Ka dawo kafin kaka ta wuce.

Ƙaninka,
Audu