Hotonmu na Zabi da Na Rage wa Girma

Palladan, ranar Talata

Zuwa ga Jemimah, sanyin idona, inuwar mangwaro a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke sauka kan gonar da ta gaji da jira,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Wannan ce takarda ta huɗu. Ta farko ta cika kare kai, ta biyu ta cika kuka, ta ukun kuwa ni kaina ban gane ta ba. Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba. Ranar Lahadi a coci kin rera waƙa kina kallon fanka, ni ina benci na uku ina ta gyara wuyan riga. Haba, gimbiyar mawaƙa! Ashe fanka ta fi ni kyan gani?

Bari in faɗi abin yadda na rubuta shi a littafina ran da ya faru. Kin zo ofishin coci za mu cike miki fom ɗin ƙaro karatu a intanet, kuma sun ce kada hoto ya wuce kilobayit hamsin. Na ce mu je Sabon Gari a ɗauki sabo, kika ce atafau sai na bikin auren Sharon a Zabi, wai a nan ne ɗaurin ɗankwalinki ya zauna. Kuma wallahi ya zauna! Shi kaɗai ne hoton da muke ciki mu biyu: ke kina dariya kamar hantsi bayan ruwa, ni a gefenki na ƙame kamar turken akuya. Kika miƙo mini filas ɗinki na kwamfuta da hoton ke ciki, kika ce in yi hankali, babu shi a ko'ina sai nan.

Na kuwa yi hankali, furen zuciyata. Na buɗe shi a manhajar gyaran hoto, na ja layin yanka ya kewaye fuskarki, ni na faɗa waje. Na kulle 'yar sarƙar nan da ke haɗa faɗi da tsawo, don kada kyakkyawar fuskarki ta baje kamar kabewa. Na rage, na duba, ɗari da ashirin. Na sake ragewa, arba'in da bakwai. Abu ɗaya tak na manta. Ni da ko sanarwar coci ba na taɓawa sai na yi kwafi biyu, ran nan ban yi ba. To laifin wa? Wa ya sunkuyo ta kafaɗata da ƙamshin turare har lissafi ya kwance mini? Na danna adanawa, ƙaramin ya hau kan babban, shi ke nan.

Sai da muka ɗora shi a fom kika lura. Ba ki yi faɗa ba, da ma kin yi. Kika ce, "Raphael, ai haka kake. Shekara uku kana rage kanka, yau ka fitar da kanka da hannunka." Kika zare filas ɗin kika tafi.

Na kai ƙarata wurin Chiedozie mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Ya saurare ni, ya ce, "Oga, wanda ya tafi ya tafi." Ban daddara ba, na ƙara wa kwafin da muka ɗora a fom girma, sai kika rarrabe gida-gida kamar jeren tubali. Abin da ya saura nawa, wani ɗan siririn layi ne na shuɗiyar rigata kusa da kunnenki. Shi nake kallo kullum, ina masa hassada.

Hoton bai hana ni sukuni kamar maganarki ba, domin gaskiya kika faɗa. Na buɗe littattafaina na shekara uku, na samu wuri goma sha ɗaya da na rubuta "gobe zan gaya mata". Kullum sai in ce me malama kamarki za ta yi da magatakardan coci mai shekara arba'in da ɗaya, wanda furfura ta fara leƙo shi? Yanzu ga shi in sun ɗauke ki, wata mai zuwa za ki bar Samaru. Yaya zan yi da Lahadi? Yaya zan bi ta ƙofar gidanku ban rage tafiya ba?

Jiya na hau mashin na je unguwar Jama'a wurin Baba Toma, ƙanen mahaifina, na faɗa masa komai ba tare da in'ina ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce da ya ɗauka sai bayan ransa. Ya yarda ranar Asabar ya jagoranci dattawanmu zuwa wurin mahaifinki, su nema mini aurenki. Amma ba wanda zai taka ƙofarku sai kin ce to.

Ki aiko mini da kalma ɗaya kafin Juma'a, tauraruwata. Ki tausaya wa tsohon nan ko ba don ni ba, ya riga ya kai babbar rigarsa wurin mai guga.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, har ranar da Ubangiji zai kira ni,

Raphael